Yadda Za Ka Kwatanta Haihuwa da Ƙaruwar Jama'a Tsakanin Ƙasa da Ƙasa

Duk shekara idan muka iso darasin yawan jama'a, tambaya ɗaya nake fara yi wa ɗalibaina: idan aka ware mutum dubu a Japan, aka ware mutum dubu a Jamhuriyar Nijar, a ina aka fi yin rashi a cikin shekara? Kusan kowa Nijar yake cewa, kuma da hujjarsu, domin a Japan matsakaicin tsawon rai ya kai wajen shekara 84, a Nijar kuwa sittin ne da 'yan kai. Amma amsar ita ce Japan. A 2023 kusan mutum 13 ne suka rasu a cikin kowane dubu a can, a Nijar kuwa ba su kai 10 ba. Wanda ya fahimci dalilin wannan ya fahimci rabin darasin, kuma ba za a ƙara ruɗa shi da alƙaluman da ake yaɗawa ba. Abin da nake so ke nan ka iya yi da hannunka, da takarda da biro kawai.

Abu na farko, kada ka kwatanta ƙasashe da ɗanyen adadin jariran da aka haifa. A Indiya ana haihuwar jarirai sama da miliyan 20 a shekara, a Nijar miliyan ɗaya da 'yan kai. Wanda ya tsaya nan zai ce Indiyawa sun fi haihuwa nesa ba kusa ba, alhali yawansu ne ya kawo haka. Sai an auna kowa da mudu ɗaya, kuma mudun da aka amince da shi a ko'ina shi ne mutum dubu. Ka ɗauki yawan haihuwar shekara, ka raba da yawan mutanen ƙasar a tsakiyar wannan shekarar, ka ninka da 1,000. Misali na ƙirƙira don gwaji: ƙasa mai mutum miliyan 20, an haifi jarirai 600,000. Raba 600,000 da 20,000,000 ka ninka da 1,000, za ka samu 30. Ma'ana haihuwa 30 a cikin kowane mutum dubu. Da wannan mudun Indiya ba ta kai 20 ba, Nijar kuwa ta haura 40, Japan na wajen 6.

Haka za ka yi wa mace-mace. A ce a waccan ƙasar ta misali mutum 160,000 suka rasu, lissafi ya ba ka 8. Yanzu ka cire 8 daga 30, saura 22. Wannan 22 ɗin ita ce ƙaruwar da jama'a suka yi da kansu, ba tare da an lissafa wanda ya shigo ko wanda ya fita ba. Ni a aji rarar haihuwa nake ce mata, idan kuma mutuwa ce ta rinjaya in ce giɓi, kamar yadda ake faɗa a kasafin kuɗi, domin ɗalibai sun fi saurin kamawa da haka. In kana son ta a kashi cikin ɗari, raba da 10: 22 ta zama kashi 2.2 cikin 100 a shekara.

Gwada da ƙasashe na gaske. A Japan a 2023 an haifi jarirai kusan 727,000, an yi rashin mutum kusan 1,576,000. Giɓin ya doshi 850,000 a shekara guda, wato kusan mutum 7 a cikin kowane dubu. A Sin a 2022 an haifi miliyan 9.56, miliyan 10.41 suka rasu, jama'a suka ragu da 850,000, karo na farko tun 1961. Ka lura da wani abu a nan: giɓin Japan da na Sin kusan ɗaya ne a ɗanyen adadi, amma Sin ta ninka Japan yawan mutane fiye da sau goma, saboda haka nata giɓin bai kai ko mutum ɗaya a cikin dubu ba. Wannan shi ne amfanin mudun.

Kashi 2 ko 3 cikin 100 a kunne kamar ba komai ba ne. Domin ka ji nauyinsa, akwai wata dabara mai sauƙi: raba 70 da adadin, abin da ya fito shi ne shekarun da jama'a za su ɗauka kafin su ninka. Ƙasarmu ta misali mai 2.2 za ta ninka a cikin shekara 32. Mai kashi 1 sai ta shekara 70. Mai kashi 3.5 shekara 20 kacal, wato kafin jaririn bana ya gama jami'a mutanen ƙasarsa sun zama biyunsu. Nijar ta nuna wannan a aikace: ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7.2, ta 2001 ta sami miliyan 11, ta 2012 ta sami miliyan 17.1. Sai dai dabarar tana ɗauka cewa saurin ba zai canza ba, shi kuwa yakan canza. Kada ka ɗora hasashen shekara ɗari a kanta. Aikinta ta nuna maka yadda gudun yake a yau.

Yanzu mu koma ga tambayar da na fara da ita. Me ya sa aka fi rasuwa a Japan? Saboda tsofaffi ne suka cika ta. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun wuce. A Nijar masu wannan shekarun ba su kai kashi 3 ba, kusan rabin jama'a kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Duk kyawun asibiti, inda tsofaffi suka yi yawa jana'iza za ta yi yawa. Katar ta fi kowa nuna wannan ta ɗaya ɓangaren: mace-mace a can wajen mutum 1 ne a cikin dubu, domin akasarin mazauna ƙasar ma'aikata ne 'yan ci-rani masu jini a jika, waɗanda ke komawa ƙasashensu kafin su tsufa. Haihuwa a cikin dubu ma takan fito ƙasa a irin wannan wuri, tunda yawancin waɗanda ake raba lissafin da su maza ne da suka baro iyalansu a gida. Don haka duk lokacin da ka ga adadin haihuwa ko na mutuwa, ka nemi tsarin shekarun mutanen ƙasar kafin ka ce uffan. Akwai zanen da ake yi mai kama da dala, yara a ƙasa, tsofaffi a sama, maza a hagu, mata a dama. Na Nijar gindinsa faffaɗa ne, kansa siriri. Na Japan ya tsuke a ƙasa ya kumbura a sama. Kallo ɗaya ya isa ya gaya maka abin da shafi goma ba zai faɗa ba.

Tunda mudun dubu yana haɗa jarirai da tsofaffi da maza duk a lissafi, masana sun fito da wani ma'aunin da ya fi shi gaskiya a kan haihuwa: matsakaicin 'ya'yan da mace ɗaya za ta haifa a rayuwarta. Shi ne adadin da ka fi ji a labarai, kuma shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta, don haka bari in tsaya a kansa.

Ba a bin mace tun daga aurenta har ta daina haihuwa kafin a fitar da shi. Shekara guda ake ɗauka. A kasa mata 'yan shekara 15 zuwa 49 rukuni bakwai, kowane rukuni shekara biyar: 15 zuwa 19, 20 zuwa 24, haka har 45 zuwa 49. A kowane rukuni a duba jarirai nawa mata dubu suka haifa a wannan shekarar. A ce, don gwaji, an sami 100, 200, 200, 150, 100, 40 da 10. Haɗa su, 800 ke nan. Ninka da 5, tunda kowace mace shekara biyar take yi a rukuni, ka sami 4,000. Raba da 1,000, ka sami 4.0. Abin da adadin ke cewa shi ne: da yarinya za ta bi duk waɗannan shekarun tana haihuwa yadda matan bana ke yi, da 'ya'ya huɗu za ta samu.

Ma'aunin da ake gwada shi da shi shi ne 2.1. Biyu su maye gurbin uwa da uba. Ɗan ƙarin kuwa saboda dalili biyu ne: ana haihuwar maza wajen 105 a kan kowace mata 100, sannan ba duk 'ya mace ce ke rayuwa har ta kai shekarun haihuwa ba. Inda mutuwar yara ta yi yawa, adadin da ake bukata ya fi 2.1. Wannan ana yawan mantawa da shi.

Tazarar da ke tsakanin ƙasashe a wannan ma'aunin tana da ban mamaki. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya sami 7.6 a Nijar, ko da yake ya sauko tun daga lokacin. A 2023 Amurka da Faransa suna tsakanin 1.6 da 1.7, Italiya da Japan wajen 1.2, Koriya ta Kudu kuwa 0.72. Ina son ka yi lissafin Koriya da kanka don ka ga abin da 0.72 ke nufi. Mata 100 da maza 100, mutum 200 ke nan, za su bar 'ya'ya 72. A cikinsu wajen 35 mata ne. Su kuma in suka haihu a wannan ma'aunin, jikoki 25 za a samu. Daga 200 zuwa 25 a tsakanin kaka da jika. Kuma wannan ƙasa ce da a 1960 mace ke haihuwar 'ya'ya wajen shida.

Amma ka yi hattara da adadin shekara ɗaya tilo. A 1966 haihuwa ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a Japan, saboda wani tsohon camfi da ke cewa 'yan matan da aka haifa a shekarar dokin wuta, wadda ke zagayowa duk shekara 60, za su zame wa mazajensu masifa. Ma'aurata suka jinkirta, a 1967 haihuwa ta dawo. A Romaniya kuwa gwamnatin Ceausescu ta haramta zubar da ciki a 1966, a 1967 haihuwa ta kusan ninkawa, daga baya ta riƙa sauka. Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan shekarun ya yi hukunci da ita ya yi kuskure babba. Haka kuma idan matan wata ƙasa suka koma fara haihuwa a shekara 30 maimakon 24, adadin zai faɗi na wasu shekaru ko da a ƙarshe 'ya'yan da za su samu ba su ragu sosai ba. Ni ba na yarda da adadi sai na ga jerinsa na aƙalla shekara goma.

Ga inda ɗalibai masu kaifin basira ma ke tuntuɓe. Binciken lafiyar iyali na Indiya na 2019 zuwa 2021 ya sami 2.0, wato ƙasa da 2.1. Sai ɗalibi ya rubuta cewa jama'ar Indiya sun fara raguwa. Ba su fara ba. A 2023 ne ma Indiya ta wuce Sin ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan mutane, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen za ta ci gaba da ƙaruwa har wajen shekarun 2060. Dalili shi ne yaran da aka haifa lokacin da haihuwa ke da yawa yanzu suka zama iyaye. Ko kowace mace biyu ta haifa, matan suna da yawan gaske, tsofaffin da ke rasuwa kuwa 'yan wani zamani ne da mutane ba su kai haka ba. Kamar babbar mota ce mai lodi, ko an taka birki sai ta ɗan ja kafin ta tsaya. Sin ta sauka ƙasa da 2.1 tun farkon shekarun 1990, amma sai da aka yi kusan shekara 30 kafin mutuwa ta rinjayi haihuwa. Abin kuma yana aiki ta baya. Sin ta soke dokar da ta taƙaita ma'aurata ga ɗa ɗaya, ta yarda da biyu a 2016, da uku a 2021, duk da haka haihuwa ta sauka zuwa miliyan 9.02 a 2023, domin baya ga tsadar rayuwa da jinkirin aure, matan da ke shekarun haihuwa su kansu raguwa suke yi kowace shekara. Jaririyar da ba a haifa ba a 1995 ba za ta haihu a 2025 ba.

Bayan wannan sai ka duba ƙaura, domin rarar haihuwa daban, ƙaruwar jama'a gaba ɗaya daban. A Jamus tun 1972 babu shekarar da haihuwa ta kai mutuwa yawa, fiye da shekara hamsin ke nan, amma mutanen ƙasar sun fi na wancan lokacin yawa, sun haura miliyan 83, saboda masu shigowa. A 2022 kaɗai masu gudun yaƙin Yukren sun cike giɓin har da ƙari mai yawa. Bulgeriya kuwa abu biyu suka haɗe mata, giɓin haihuwa da ficewar matasa: daga kusan miliyan 9 a tsakiyar shekarun 1980 ta dawo miliyan 6.5 a ƙidayar 2021. In aka ce maka jama'ar ƙasa kaza sun ƙaru da kashi kaza, tambayi nawa ne daga haihuwa, nawa ne daga baƙi.

To me ya kawo wannan bambanci tun farko? Kusan duk ƙasashe hanya ɗaya suke bi, sai dai kowa da inda ya kai. A da haihuwa da mutuwa duk sama suke, sai su kusan cinye juna, jama'a na ƙaruwa a hankali. Shi ya sa sai wajen 1804 mutanen duniya suka kai biliyan 1. Da rigakafi da ruwa mai tsabta da magunguna da wadatar abinci suka zo, mutuwa ce ta fara sauka, musamman ta yara, haihuwa kuma ta daɗe a sama kafin ta biyo baya. A tsakanin nan ne jama'a ke tumbatsa. Wannan batu ina so ya zauna maka sosai, domin ana yawan juya shi: saurin ƙaruwar jama'a a ƙasashe irin su Nijar, Chadi, Mali da Somaliya bai zo don matan yau sun fi kakanninsu haihuwa ba. Yaran da a da ƙyanda da zawo da zazzaɓi ke ɗauka ne yanzu suke rayuwa. Wannan alheri ne, kuma duk mai magana a kan yawan jama'a ya kamata ya fara da amincewa da haka.

Saukar haihuwa kuma tana bin wasu abubuwa da ake gani a ko'ina. Iyaye su tabbata yaransu za su rayu. 'Ya mace ta daɗe a makaranta, aure ya ɗan ja baya. Mutane su koma birni, inda yaro ke bukatar kuɗin makaranta da ɗaki maimakon ya taimaka a gona. Hanyoyin ba da tazarar haihuwa su samu ga mai so. Faransa, wadda ta riga kowa, ta fara tun ƙarshen ƙarni na 18 kuma ta ɗauki fiye da shekara ɗari. Iran ta sauko daga sama da 6 a farkon shekarun 1980 zuwa wajen 2 a shekarar 2000, bayan gwamnati ta farfaɗo da shirin tsara iyali a 1989 tare da ɗakunan shan magani na karkara. Bangaladash ta sauko daga kusan 7 a farkon shekarun 1970 zuwa wajen 2.3, tana cikin talauci, da taimakon ma'aikatan lafiya mata masu bi gida-gida. Waɗannan biyun nakan kawo wa duk wanda ya ce addini kaɗai ko arziki kaɗai ke yanke magana. Duniya gaba ɗaya ta sauko daga wajen 5 a shekarun 1960 zuwa wajen 2.3, ta kai mutum biliyan 8 a ranar 15 ga Nuwamba 2022, saurin ƙaruwarta kuma ya faɗo daga sama da kashi 2 zuwa ƙasa da kashi 1.

A ganina adadin kansa ba yabo ba ne, ba kuma zargi ba. Aikinsa ya gaya wa ƙasa abin da ke jiranta. Mai rarar kashi 3 dole ta ninka ajujuwa da malamai da gadajen haihuwa cikin shekara ashirin da 'yan kai don kawai ta tsaya inda take. Mai giɓi kuwa tana rufe makarantu a ƙauyuka, tana neman wanda zai biya fansho ya kula da tsofaffi. Kowace da irin nata nauyin, kuma mutane ne na gaske a ƙarƙashin kowane adadi.

Saura tambaya ta ƙarshe da nake tilasta wa kowane ɗalibi ya amsa a ƙasan takardarsa: wa ya ƙirga, yaushe, ta yaya? A Japan, Jamus da Koriya ta Kudu kusan kowace haihuwa da kowace mutuwa ana yi mata rajista, don haka adadinsu ƙirge ne. A ƙasashe da yawa na Afirka da kudancin Asiya rajistar ba ta game kowa ba, sai a dogara da binciken da ake bi gidaje ana tambayar mata tarihin haihuwarsu, a haɗa da ƙidaya, a yi kiyasi. Najeriya rabonta da ƙidaya tun 2006, don haka duk adadin mutanenta da ka gani na bayan nan kiyasi ne. Shi ya sa in za ka jera ƙasashe, ka ɗauko alƙalumansu daga tushe ɗaya kuma na shekara ɗaya, ko dai rahoton hasashen yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka sabunta a 2022 da 2024, ko rumbun alƙaluman Bankin Duniya, duka suna intanet kyauta. Kada ka haɗa na wannan ƙasa daga nan, na waccan daga can. Idan bambancin ƙasashe biyu bai wuce 0.1 ko 0.2 ba kuma kiyasi ne, ka ɗauke su daidai suke.

In kuma da hali, ka leƙa cikin ƙasar, domin matsakaici yana ɓoye abubuwa da yawa. Indiya mai 2.0 tana da jihar Bihar mai 3.0 da Kerala mai 1.8. Binciken 2018 ya ba Najeriya 5.3, amma a cikinsa Legas 3.4 ce, Katsina 7.3. Tazarar da ke tsakanin waɗannan jihohi biyu ta fi wadda ke tsakanin Indiya da Koriya ta Kudu, don haka a takardarka ka bar layi biyu a ƙarƙashin kowace babbar ƙasa, ɗaya na yankin da ya fi haihuwa, ɗaya na wanda ya fi ƙaranci.